Yadda ake kula da tsofaffin dabbobin taksidami na gidan tarihi ba tare da an lalata su ba

Jama'a wannan rubutun na masu aiki ne a gidan tarihi, da masu kula da ɗakin samfura na sashen nazarin dabbobi a jami'a ko kwaleji, da duk wanda aka damƙa wa makullin wani ɗaki cike da dabbobin taksidami aka ce masa gashi nan ka kula da su, ba horo ba kayan aiki. Taksidami dai shine a feɗe dabba ko tsuntsu, a gyara fatar, a ɗora ta kan wani jiki da aka ƙera, a sa idon gilashi, ta tsaya a tsaye yadda take a daji. Muna da irinsu a nan ma, wanda ya taɓa zuwa Yankari ya ga na ɗan gidan tarihin dake sansanin Wikki, akwai kuma gidan tarihin halittu na jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, banda waɗanda ke jibge a ɗakunan gwaji na makarantu da falon manyan mutane.

Abinda yafi ci min rai a harkar nan shine yawancin ɓarnar masu kyakkyawar niyya ne ke yinta. Mutum ya ga gwanki yayi ƙura, ya ɗauko tsumma da ruwan omo, ya goge shi tas, ya shafa masa mai don yayi ƙyalli, ya fesa masa sheltos, ya cire tsohuwar takardar dake ɗaure a ƙafarsa wai tayi datti. A rana ɗaya ya ɓata abinda ya shekara 60 a tsaye. Don haka tsarin da zan bi shine lafiyarka tukuna, sai bayanan samfur, sai ƙwari, kwalliya ita ce ta ƙarshe kuma sau tari ma ba'a bukatarta.

Mataki na farko: ka ɗauka akwai guba a jiki

Kafin ka taɓa komai ka sa a ranka cewa duk dabbar da aka haɗa kafin shekarun 1980 tana iya ɗauke da arsenik. Tun a ƙarni na 18 wani mai haɗa magani a birnin Metz na Faransa, Jean-Baptiste Bécoeur, ya ƙirƙiro sabulun arsenik da ake shafawa a cikin fata don hana ƙwari ci, bayan rasuwarsa sirrin haɗin ya fito fili wajen 1800, kusan kowa ya kama amfani da shi har kusan shekara 200. Gaskiya shi ne ma ya sa tsofaffin samfuran suka kawo yanzu, amma fa arsenik baya ruɓewa baya ƙarewa, yana nan yadda aka sa shi, kuma yana jawo cutar daji idan ya daɗe yana shiga jiki. Banda shi an yi amfani da gishirin makuri, da DDT, da kafur, wasu ma akwai asbestos a cikin abinda aka ƙera jikin da shi.

To kayan kariya ba wani tsada ne da su ba: safar hannu ta naitirail, takunkumi N95 ko FFP3, rigar lab mai dogon hannu wadda zaka bari a wurin aiki, kar ka kaita gida a haɗa ta da wankin yara. Ba ci ba sha a ɗakin, har goro da shayi. Ka wanke hannu da sabulu kafin alwala da kafin abinci. Mai juna biyu kam a nema mata wani aikin. Safar da aka cire da audugar da aka yi shara da ita a ƙulle su a leda daban a rubuta guba a jiki, kar a ƙona su a bola domin hayaƙin ne zai ɗauko arsenik ɗin ya kawo maka shi hanci.

Ka haska tocila gefen ido, cikin kunne, gindin baki, tafin ƙafa da bakin ɗinki. In ka ga farin gari ko ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli yana iya zama arsenik, yana kuma iya zama boraks ko gishiri ko fumfuna, ido baya rabewa. Na'urar XRF ta hannu ita ce ke faɗa nan take ba tare da an yanki komai ba, in akwai sashen kimiyyar ƙasa ko na sinadarai kusa da kai ka tambaya ko suna da ita. Akwai kuma kit na gwajin arsenik amma yana fitar da iska mai guba lokacin gwajin, sai a lab mai na'urar zuƙe hayaƙi. Ko gwaji ya ce babu kar ka saki jiki, saboda ba daidai ake shafa shi ko'ina ba kuma mafi yawa yana ta ciki.

Kar kuma tsoro ya kai ka ga zubar da kaya. A watan Agusta 2023 aka rufe gidan tarihin Delbridge dake Sioux Falls a Amurka, mai dabbobi kusan 150, bayan gwaji ya nuna arsenik a jikin kusan kashi 80 cikin 100 nasu, kuma masana gyaran kayan tarihi da dama suka fito suka ce wannan ai abu ne sananne a kowane tsohon tari, maganinsa gilashi tsakanin dabba da ɗan kallo da hana taɓawa. Nima ra'ayina kenan.

Mataki na biyu: lebul da rajista

Wannan shine inda nake so ka daɗe. Ɗan guntun kwalin dake ɗaure a ƙafar tsuntsu, ko rubutun fensir dake ƙarƙashin katakon da ya tsaya a kai, wanda ya faɗi inda aka samo shi da shekarar da wanda ya samo, wallahi yafi fatar kanta daraja a wajen bincike. Ungulu mai lebul da aka rubuta gari da shekara shaida ce cewa akwai ta a wurin a lokacin, kuma ai kowa ya san yadda ungulu ta cika mahauta a da, yanzu sai ka wuni a kasuwa baka ga ɗaya ba, tun 2015 ma aka sa irin tamu ta gari cikin masu dab da ƙarewa a duniya. In lebul ya ɓata, ta koma abin ado kawai.

Don haka kar ka cire shi, kar ka maimaita rubutun da biro, kar ka manna salatif, kar ka kai a yi laminatin. In ya yage ka sa shi cikin ƙaramar ledar zif ka ɗaura a ƙafar da zaren auduga. In ka ga jan lebul ka tsaya cak ka nemi masani, a al'adar gidajen tarihi ja alama ce ta samfurin da aka dogara da shi wajen raɗa wa jinsin suna, babu madadinsa.

Sannan ka ba kowane samfuri lamba in bashi da ita, ka ɗauki hoto da wayarka ta gaba, baya, gefe biyu, sama da ƙarƙashin katako, da rula a gefe don a gane girma, da hoton lebul gaba da baya. Ka rubuta halin da ka same shi: ina ya tsage, ina gashi ya zube, kunne ya karye ne, ido ɗaya ya faɗi, akwai tsatsa a inda waya ta fito daga ƙafa, akwai wuri mai maiƙo ruwan ɗorawa. Shi wannan maiƙon kitse ne da ba'a kankare da kyau ba tun farko, yana tsami da shekaru yana cin fatar. Ka ajiye bayanan a littafi da kwamfuta duka biyun, kwafi ɗaya a wani ginin.

Mataki na uku: ɗagawa

A nan ake yawan karya abu. Daga katakon ƙasa ake ɗauka, ba ƙaho ba, ba wuya ba, ba bindi ba, ba fiffike ba. Kana ganin dabbar ka ɗauka ƙaƙƙarfa ce alhali a ciki ciyawa ce da zaren katako da yumɓu da filasta a kan waya da ta sha tsatsa, na zamanin Carl Akeley, wani shahararren mai taksidami ɗan Amurka, zuwa gaba jikin holoƙo ne mara nauyi da aka zuba a mazubi, na baya-bayan nan kuma soso ne mai tauri. Yawancin tsofaffin akwai ainihin ƙoƙon kai da ƙasusuwan ƙafa a ciki, hoton eksire ke nuna hakan in an samu dama. Cire zobe da agogo, share hanya da wurin da zaka ajiye kafin ka ɗaga, babba kuma mutum biyu ko uku, ɗaya yana tallafe da kai.

Mataki na huɗu: farautar ƙwari

Manyan abokan gaba su ne asu mai cin tufafi, da ƙananan buzuzun dake cin gashi, da ƙwaron fata wanda masu sana'ar ƙiraga da masu bandar kifi suka sani sarai, shine dai mai tsutsa mai gashi-gashi dake cinye busasshen kifi a buhu. Sai gara da ke shigowa ta katakon ƙasa, da kyankyaso, da ɓera. A asu da buzuzun dake cin gashi, tsutsar ce ke ɓarna ba uwar ba, kuma a ɓoye take yi, ƙarƙashin fiffike, hammata, tsakanin cinyoyi, cikin kunne, gindin bindi.

Alamomin su ne wani gari mai kama da yashi a ƙasan dabbar, saɓar tsutsa, ɗan zare-zare mai kama da yana, gashi dake biyo hannu in an ɗan taɓa. Matsalar ita ce baka san ko tsohuwar ɓarna ce ko ana kan yi ba. Dabara mai sauƙi: share ƙasan tas, shimfiɗa farar takarda, dawo bayan sati 2, in ka tarar da sabon gari to akwai mai rai a ciki. Ka kuma ajiye tarkon gam a kusurwoyi da bakin ƙofa da ƙarƙashin taga, ka rubuta kwanan wata da wuri a jikinsa, ka riƙa dubawa duk wata kana rubuta abinda ya kama. Tarkon ba magani bane, ɗan rahoto ne, shi zai gaya maka ta ina suke shigowa da watan da suka fi yawa. Ka leƙa silin ma, sheƙar tantabara ko mushen ɓera a rufi shine gidansu na asali.

Wanda ka samu da ƙwari ka ƙulle shi a leda nan take ka fitar da shi daga cikin sauran. Haka duk sabon abu da aka kawo, ko kyauta ce daga wani babba, sai ya zauna a ɗakin keɓewa an tabbatar babu ƙwari a jikinsa.

Mataki na biyar: kashe su

Dan Allah a bar fesa fiya-fiya da Sniper da sheltos a jikin samfuri. Suna da mai da sauran sinadarai dake ɓata launi, basa kai wa ga ƙwai dake can ciki, suna cutar da kai, kuma suna gurɓata samfurin ga mai bincike na gaba. Kafur ma ba'a shawartar sa yanzu, yana illa ga mai shaƙa kuma sai a akwati rufaffe ruf yake wani tasiri.

Firiza ita ce hanyar da gidajen tarihi suka fi bi. Ga yadda ake yi. Ka naɗe samfurin da takarda mai laushi mara rini, ka cike gurabe da ita, ka sa a leda mai kauri, ka fitar da iska iya iyawa ba tare da ka danne gashi ko fiffike ba, ka like bakin sosai, in da hali ka ƙara leda ta biyu. Firizar ta riga ta yi sanyi kafin ka sa, kuma kar a cika ta, don ana so sanyin ya kama su farat ɗaya kafin su saba. A digiri 30 ƙasa da sifili kwana 3 ya isa, firizar gida mai buɗewa ta sama wadda ke tsayawa a 18 zuwa 20 ƙasa da sifili kuwa ka bashi sati 2. Kar ka yi amfani da irin wadda ke narkar da ƙanƙararta da kanta, tana ɗumi tana sanyi. Kuma ba firizar da ake sa nama ko ruwan sha ba, saboda arsenik.

Nasan abinda zaka ce, wuta. Eh, shine babbar matsalarmu. In nefa ta ɗauke har cikin ya yi ɗumi, lissafi ya koma farko. Ka sa ma'aunin zafi mai waya a ciki wanda zaka iya karantawa daga waje, kuma ka shirya sola ko janareta kafin ka fara, ko ka roƙi gurbi a wani lab mai tsayayyar wuta. In lokaci ya cika ka fito da shi, KAR ka buɗe ledar sai bayan awa 24, raɓa zata taru a bayan leda ta bushe, in ka buɗe da wuri a kan fatar zata taru. Kar ka taɓa shi sosai yana da sanyi, lokacin yake saurin karyewa. Mai haƙora a waje, ko hauren giwa, ko fenti mai kauri, ko kakin zuma a baki da hanci, yana iya tsagewa a firiza, waɗannan a bi ta hanya ta biyu.

Hanya ta biyu ita ce hana su iska. Tunanin ɗaya ne da buhun PICS da manoma ke zuba wake, sai dai a buhun wake ƙwarin ne da yawa suke shanye iskar da kansu, a nan kuwa 'yan tsutsotsi kaɗan ba zasu iya ba, sai ka cire musu ita. Ana sa samfurin a leda ta musamman wadda iska bata ratsawa irin su Marvelseal ko Escal, ledar kasuwa bata yi, a sa ƙunshin dake shanye oksijin irin Ageless ko a hura naitirojin, a like da zafi, oksijin ya sauka ƙasa da kashi 0.3 cikin 100 ya zauna haka sati 3. Ƙunshin yana ɗaukan zafi in ya fara aiki don haka kar ya taɓa jikin dabbar. Kayan sai an yi odarsu daga waje, amma ga ɓauna ko zaki da bazai shiga firiza ba wannan ce mafita, kuma bata bukatar wuta.

Shanya a rana fa? A'a. Zafi yana kashe ƙwari amma yana narkar da kitse da gam, ya ƙanƙance fata, rana kuma ta cinye launi.

Mataki na shida: shara, a bushe kuma kaɗan

Kafin ka share ka tambayi kanka ko dattin nan yana da amfani. A 2017 wasu masu bincike biyu, Shane DuBay da Carl Fuldner, suka duba fatun tsuntsaye sama da 1,300 dake ajiye a durowoyin gidajen tarihi a Amurka, waɗanda aka tara cikin shekara 135. Tsuntsaye ne masu farin ƙirji amma na farkon ƙarni na 20 sun yi baƙi da hayaƙin kwal, kuma tunda duk shekara suke sake gashi, baƙin kowanne ya nuna yadda iskar garin take a shekarar da aka kama shi. Daga nan aka fitar da tarihin gurɓatar iska na lokacin da babu na'urar aunawa. Da wani mai tsafta ya wanke su, shikenan. To ƙurar hunturu da ta zauna a kan abin da ke buɗe a falo a share ta, amma samfurin bincike dake durowa a barshi yadda yake.

Kayan shara: burushi mai laushi sosai, sabon burushin kwalliyar mata yana yi, da na'urar zuƙe ƙura mai matatar HEPA, wato matata mai tare ƙura komai ƙanƙantarta, wadda ake rage mata ƙarfi. Ka ɗaure guntun gidan sauro a bakin bututun don in gashi ko lebul ya fita ya tsaya a nan. Bututun baya taɓa dabbar, a gefe kake riƙe shi, burushi ne ke turo ƙurar zuwa gare shi, kana bin yadda gashin ya kwanta, daga kai zuwa bindi, daga sama zuwa ƙasa. Fara da wani ɓoyayyen wuri, in gashi na biyo burushi ka dakata. In baka da mai HEPA kar ka yi da ta gida, zata watsa gubar ne cikin ɗaki, gara burushi kawai a hankali kana tare ƙurar da takarda mai ɗan danshi a ƙasa. Busawa da baki ko bulowa kam babu shi.

Idon gilashi shi kaɗai zaka iya gogewa da auduga a tsinke, an ɗan jiƙa da ruwa da itanol rabi da rabi, ba tare da ta taɓa fatar ido ba. Abin mamaki yawanci wannan kaɗai ke dawo da fuskar dabbar. Gashin tsuntsu da ya rabu ana haɗe shi da yatsu ko hantsaki, a shafo daga gindi zuwa tsini. Fumfuna kuma a bari wurin ya bushe tukuna sannan a zuƙe.

Ruwa a fata haramun ne a wannan aikin. Yawancin tsofaffin fatun ba jima suka sha irin ta majemanmu da bagaruwa ba, alif da gishiri ne ko sabulun arsenik kawai, kuma fata in ta tsufa ruwa kaɗan da ɗumi ke sa ta ƙanƙance ta murɗe, bata dawowa. Haka man kaɗanya, basilin, man takalmi, banish, duk suna kama ƙura su kira ƙwari.

Mataki na bakwai: gyara

A nan zan taƙaita da gangan, domin wannan aikin wanda ya samu horo ne. Ƙa'idar ita ce duk abinda ka sa, na bayanka ya iya cirewa. Shi ya sa ba'a sa sufa gulu ko Top Bond. Masu aikin suna toshe tsaga daga ciki da takardar Japan mai sirara da gam irin BEVA 371 ko Paraloid B-72, su yi wa facin launi, su rubuta abinda suka sa da ranar. Kai abinda zaka iya shine ka tattara duk guntun da ya faɗi, kunne, farce, gashi, ka sa a leda da lambar samfurin, ka tallafe kan da ya langaɓe da soso.

Koɗewar launi bata warkewa. Gidan tarihin halittu na New York ya gyara zaurensa na dabbobin Arewacin Amurka a 2011 zuwa 2012, inda fitilu suka koɗar da gashin dabbobin tun shekarun 1940, sai suka fesa rini na Orasol da aka narkar a itanol bayan gwaje-gwaje, suka zaɓe shi don baya saurin koɗewa kuma ana iya cire shi, daga baya ma suka ci gaba da bincike a kansa tare da jami'ar Yale. Wannan ba lasisi bane na ɗauko rinin gashi daga kanti.

Mataki na takwas: ɗakin

In ka gyara ɗaki ka huta da rabin aikin. Haske kar ya wuce luks 50 (luks shine ma'aunin ƙarfin haske), a rufe tagogi da labule mai kauri, a sa fitilar LED, a kashe in babu kowa. Danshin iska ana so tsakanin 40 zuwa 60 cikin 100, in ya haura 65 ya daɗe fumfuna ta fito waya tayi tsatsa, in yayi ƙasa sosai fata ta ja ɗinki ya ɓalle haƙora su tsage. Mu kuma duka biyun muke sha, Agusta danshi, hunturu bushewa har ƙasa da 20. Abinda yafi illa shine saurin canji, don haka esin da ake kunnawa da safe a kashe da yamma yafi rashinsa ɓarna. Akwatin gilashi mai rufuwa da kyau, da silika jel a ciki, wato ƙwayoyin dake shanye danshi, shi ke rage kaifin canjin, ya tare ƙura da ƙwari da hannun yara a lokaci guda. In kuɗi kaɗan ne a hannunka, nan zaka sa su. Na ajiya a ɗaga su daga ƙasa aƙalla santimita 10, a janye daga bango, a yi musu rumfar farin yadi da bata taɓa jiki.

Mataki na tara: in mai bincike ya zo neman yanki

Ka bashi, amma da tsari. A 1984 aka fara ciro DNA daga dabbar da ta ƙare a duniya, kwaga, wani irin jakin dawa na Afirka ta Kudu da na ƙarshensa ya mutu a gidan zu na Amsterdam a 1883, kuma daga busasshen nama dake manne da wata fata a gidan tarihin Mainz na Jamus aka samo. Zakunan Tsavo biyu da suka addabi masu gina layin dogo a Kenya a 1898, waɗanda ke Field Museum a Chicago, binciken 2009 a kan gashinsu da ƙashinsu ya kiyasta sun ci mutum kusan 35, ba 135 da aka daɗe ana faɗa ba, a 2024 kuma gashin da ya maƙale a karyayyun haƙoransu ya nuna sun ci raƙumin dawa da jakin dawa da mutum da sauransu. Wanda ya ajiye su bai san za'a iya haka ba.

To a rubuto bukata a takarda, me za'a yi, nawa ake so. A tsuntsu daga tafin yatsa ake yankan ɗan mitsitsi, milimita 2 ko 3, a dabba daga bakin ɗinki ko wani ɓoyayyen wuri, da sabuwar reza ga kowane samfuri da sabuwar safa don kar DNA ya gauraya. A ɗau hoto kafin da bayan, a rubuta a rajista, a gaya masa duk maganin da aka san an taɓa sawa, a kuma sharɗanta ya dawo da sakamako. In za'a fitar da shi ƙasar waje kuma jinsin na cikin jerin CITES, yarjejeniyar duniya kan fataucin namun daji, sai da takardar izini ko da ɗan yanki ne.

Wanda kuma ya lalace har ba'a iya nuna shi, kar a jefar da shi ɗungurungum. A cire lebul, a ciro ƙoƙon kai da ƙasusuwan dake ciki, a yanki fata mai gashi kamar tafin hannu, a haɗa su a akwati ɗaya da lambarsa, a rubuta a rajista ranar da aka warware shi da dalili da wanda ya bada izini. Ragowar a ƙulle a leda biyu a miƙa wa masu kwashe sharar sinadarai ta lab, ba'a binnewa kusa da rijiya, ba'a ƙonawa.